Kukan Rufin Motar Abatcha

Tun kafin motar ta ɓullo daga kwanar tasha Zulkiflu ya ji ta. Wani siririn kuka take, ƙiiƙ-ƙiiƙ, ga kuma kwaramniya tana biye da shi. Ya ɗago daga ƙofar wata kamiyon, babbar motar kaya, da yake miƙarwa, sai ya ga wata 'yar katkat fara, motar keta rairayi, tsohuwa tukuf, irin mai rufin nan da ake cirewa a jingine a gefe. Ta tsaya a bakin garejinsa, mace ta fito daga mazaunin direba tana gyara mayafi.

Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ga 'yar wushirya, amma ta ɗaure fuska tamau kamar wadda aka ɓata wa rai tun da safe.

"Kai ne Zulkiflu mai gyaran jikin mota?"

"Ni ne, Madam."

"Wa ya ce maka malamar lakwal ce ni, da kake ce mini Madam?"

"Allin da ke hannun rigarki."

Ta duba, ta kakkaɓe, dariya ta so ƙwace mata ta danne. Ta ce sunanta Hamsatu, a Kelle take koyarwa, ranar Juma'a kaɗai take dawowa Gure. Motar ta babanta ce, Abatcha, da ya zo da ita daga Libiya, ya rasu bara waccan ya bar musu.

"Rufin nan zai haukata ni," in ji ta. "Kafin in kai Kelle kaina ya zama kamar ana daka a ciki."

Zulkiflu ya zagaya motar. Maƙallan da ke riƙe rufin a saman gilashin gaba sun saki, kawushun da ya zagaye bakinsa kuwa, robar nan da ke hana ruwa da iska shiga, ya bushe ya tsattsage.

"Kukan rufi ba a kama shi a tsaye, Madam. Sai kin tuƙa a kan gargada, ni ina baya ina dafa rufin wuri-wuri. Inda na dafa ya yi shiru, nan ciwon yake."

Haka suka hau hanyar Kelle da rana tsaka. Tana tuƙi, yana durƙushe a baya hannunsa a sama, ya dafa nan, ya matsa can. In ya danne dama kukan ya koma hagu, in ya bi shi hagu ya gudu baya.

"Ka kama shi?"

"Ya fi ni wayo."

Ta kalle shi ta madubi, wannan karon ta saki dariyar. To fa, daga nan aikin Zulkiflu ya lalace. Da suka dawo gareji sai ya ɗebo giris ya lafta wa kawushun, ya ɗaure maƙallai, ya sallame ta. Ɗan Gure guda, wanda aka haifa cikin rairayi, ya shafa wa roba maiƙo ya tura ta hanyar rairayi! Ko kusa da Kelle ba ta kai ba yashi ya manne a maiƙon, rufin ya kama gurzar jikin motar.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Likitan mota, majinyaciyarka ta tashi da sabon ciwo. Da kuka take, yanzu har da cizon haƙora. Me ka ba ta?"

Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. "Laifina ne, Madam. Hankalina ba ya kan rufin. Ki dawo da ita Juma'a in wanke kunyata."

"Ina hankalin naka ya tafi?"

"Kujerar gaba."

Ranar Juma'a ta zo, wadda ta biyo ma ta zo. Ya wanke rufin da sabulu, ya goge maiƙon tas. Ya yi magani nan, kukan ya ɓullo can. Kowane mako sai sun hau hanyar gargada, har masu lambu da ke dawowa daga kwari suka fara ɗaga musu hannu suna murmushi. Ita ta daina ce masa likita ta koma Zulkina, shi kuma Madam ta faɗi daga bakinsa, sai Hamsa, in saƙo ne kuma sheri, wato masoyiya.

A ƙarshe ya sa aka kawo masa sabon kawushu daga Damagaram. Ya ɓamɓare tsohon kawushun, ya yayyanka, ya ba wani mai lambu ya ɗaure tiyon famfonsa. Ya samo fatar akuya mai laushi wajen makiyayan Alakoss, ya naɗe ƙusoshin da rufin ke zama a kansu, ya daidaita maƙallai har suka kama daram. Suka hau hanya. Gargada ta yi iya yinta, rufi ko uffan.

Hamsatu ta tsayar da mota a gindin wata aduwa, ta rufe ido.

"Zulkina, ashe haka duniya take?"

"Hamsa, akwai maganar da na daɗe ina faɗa a bayan nan, kuka yana hana ki ji."

"To yau ina ji."

"Aurenki nake so. Ba ni da komai sai guduma da wannan hannun, amma wallahi ba zan bari ki kwana da ɓacin rai ba."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ka tura manyanka wajen Baffa Fannami, ƙanen babana. Ni na riga na amsa tun kana durƙushe a baya."

Da ta san abin da ke jiranta a gida da ba ta yi saurin murna ba.

Mahaifiyarta, Ya Hawa, idonta ya rufe tun kafin rasuwar mijinta. Duk Juma'a bayan la'asar takan sa a shimfiɗa mata tabarma a zaure ta zauna. Hamsatu ta ɗauka iska take sha. Ranar ta ajiye mota, ta yi sallama da fara'arta, sai tsohuwar ta zabura.

"Wa ya kawo ki? Ina motar?"

"Ga ta a ƙofa, Ya."

"Ba ta zo ba. Ban ji ta ba."

"Gyara ta aka yi. Kukan nan ne aka cire."

Ya Hawa ta miƙe tana laluben bango, ta fita, ta kai hannu kan rufin ta girgiza shi da duk ƙarfinta. Shiru. Ta sake girgizawa. Sai ta sulale ta zauna cikin rairayi ta fashe da kukan da ko ranar jana'iza ba a ji ta yi ba.

"Kin san abin da kika yi kuwa?" ta ce da muryarta ta dawo. "Da kukan nan nake sanin ubanki ya dawo. Motoci dubu su wuce, tasa daban take, tun daga tasha nake jin ta. Da ya rasu, duk Juma'a in na ji ta, kafin in tuna ke ce, akwai ɗan lokacin da yake da rai. Ɗan lokacin nan kaɗai ya rage mini, Hamsatu. Shi kuka cire."

Hamsatu ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta tana ba ta haƙuri, ita ma hawaye na zuba. Ta ji kunyar kanta matuƙa, don shekara biyu ke nan tana ganin uwarta a zauren nan ba ta taɓa tambayar abin da take jira ba.

Da manyan Zulkiflu suka je da goronsu, Baffa Fannami ya karɓe su da mutunci, amma ya ce sai ya ji ta bakin uwar yarinya. Amsar ba ta daɗe ba.

"Wanda ya rufe bakin motar mijina ba zai shigo mini gida ba," in ji Ya Hawa. "In aure take so ga Tahiru."

Tahiru ɗan yayar Ya Hawa ne, mai shagon atamfa a Damagaram, ya daɗe yana kai-komo ba ya samun fuska. Yanzu ƙofa ta buɗe masa, har ya soma kwana biyu-biyu a Gure yana yi wa tsohuwa hira.

Hamsatu ta tura saƙo. "Zulkina, ba zan auri Tahiru ba, wannan ko Ya ta sani. Amma ba zan shiga ɗakinka uwata tana kuka a bayana ba. Ban ga hanya ba. Na rasa yadda zan yi."

Ya amsa: "Sheri, ni na cire, ni zan mayar. Ki kawo mini motar."

Lokacin an shiga hutun damina, sai ta kai masa ita ta bar masa makulli. Aka fara aikin da ba a taɓa jin wani mai gyara ya yi ba a Gure: neman kukan da ya ɓata. Ya warware fatar akuyar, ya sassauta maƙallai. Da la'asar ya taso daga tasha a hankali, yadda aka ce marigayi yake yi, ya bi ta ƙofar gidan. Rufi na ta kwaramniya. Kafin ya kai ƙarshen layi saƙo ya shigo.

"Ta ce ba shi ba ne."

Washegari ya gangara kwari neman mai lambun. Ya tarar da tsohon kawushun gutsuttsure, an ɗaɗɗaure shi a jikin tiyo, laka ta ci wani, rana ta ƙone wani. Ya tsince abin da ya tsinto, ya zo ya harhaɗa ya manna. Ya sake bi ta ƙofar gidan.

"Ba shi ba ne."

Ya bar sabon kawushun a rana ya bushe, ya tsattsage shi da reza. Ya nemo na wata matacciyar mota a bayan kasuwa. Ya sassauta maƙallin dama ya ɗaure na hagu, gobe ya juya. Ya samu kuka iri-iri, mai kauri da siriri, mai tsayi da gajere, amma ba wancan ba. Wancan shekaru ne suka yi shi, da zafin hanyar Libiya, da nauyin hannun mutumin da ya saba rufe maƙallan, abin da babu shi a kowace kasuwa. Zulkiflu ya san haka sarai, shi ya sa abinci ya daina shiga masa.

Gari kuwa ya samu abin dariya. In ya wuce majalisar masu shayi sai a ɗaga murya: "Zulkiflu, tawa ta cika shiru, yaushe zan kawo ka sa mata kuka?" Masu kawo masa aiki suka ja baya, don kullum kansa na cikin 'yar katkat. Ya rame, wuya ya fito.

Tun ana aiko masa da hukunci ta waya, har Ya Hawa ta soma faɗa da bakinta daga zaure. "Ba shi ba ne!" Wata rana ta ƙara da cewa, "Nasa ya fi wannan siriri, kai ko kunne ba ka da shi." Sai ya tsaya, ya sauko, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ku kwatanta mini shi."

Ta yi tsaki, amma ta kwatanta. Ta ce in ya hau tudun bakin masallaci kukan yakan yanke, sannan ya dawo sau biyu a jere. Daga nan kullum sai ya sauko ya ji laifin kukan ranar. Kwatancen kan zarce zuwa labarin Abatcha, yadda ya sayi motar, yadda ya taɓa cire rufin ranar sallah ruwa ya jiƙa su sharkaf. In ta farga ta yi nisa sai ta ɗaure fuska. "Tashi ka ba ni wuri. Gobe ma ba za ka samu ba."

Kuma ba ya samu. Damina ta raba tsakiya, gero ya fid da kai, ba abin da ya canza.

Baffa Fannami ne ya gaji da surutun gari. Ba tare da ya shawarci kowa ba ya aiki Tahiru ya karɓo motar a ajiye a gidansa. Tahiru ya zo gareji cikin shadda yana ƙamshi, ya miƙa hannu.

"Makulli. Baffa ya ce wasan ya isa haka."

"Hamsatu ta sani?"

"Malam, da motar da mai motar duk gida ɗaya suka nufa. Ka yi haƙuri ka koma kan gudumarka."

A can gida kuma Tahiru ya ce wa Hamsatu mutumin nata ne ya miƙo makulli da kansa, ya ce ya gaji. Ba ta yarda ba sai da saƙon Zulkiflu ya shigo:

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba zan ƙara damunku ba. Ki gaishe da Inna."

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta rubuta: "Tunda haka ka zaɓa, Allah ya ba ka wadda uwarta ba ta da wahala." Ta kife wayar ta shige ɗaki. Shi ya karanta ya ɗauka sallama ce. Kowannensu ya zauna da ciwonsa yana ganin ɗan'uwansa ne ya saki, kuma girman kai ya hana a kira a tambaya.

La'asar ta yi, Ya Hawa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma. Har aka kira magariba ba wanda ya zo. Washegari ma haka. Ran da ta gaji da shirun ta ƙwala kira.

"Hamsatu! Ina yaron nan?"

"Ya gaji, Ya. Ai abin da kike so ke nan."

"Wa ya ce ya gaji?"

"Tahiru."

Tsohuwar ta murza carbi. Can ta ce, "Ɗauko mini mayafi. Riƙe hannuna."

Tun rasuwar mijinta ba ta taka bakin layi ba. Ranar ta keta Gure da ƙafa, rairayi na cika mata takalmi, mutane na ratsewa suna gaishe ta da mamaki. Suka tarar da Zulkiflu zaune kan tsohuwar taya, hannu biyu a kai. Da ya gan su ya zube ƙasa.

"Inna! Da kanku?"

"An ce ka gaji."

"Ban gaji ba. Karɓe ta aka yi, aka ce an ba Tahiru Hamsatu."

Hamsatu ta dafe ƙirji. "An ba wa? Ni aka ce kai ka miƙa makulli!"

"Ku yi mini shiru," in ji Ya Hawa. "Na Tahiru da Fannami ni zan ji da shi. Kai, in an dawo maka da motar, za ka samo shi?"

Ƙarya ɗaya za ta iya sayo wa Zulkiflu wasu watanni, ya sani. Amma matar ta tako rairayi da makantarta.

"Ba zan samo shi ba, Inna. Duk abin da na sani na gwada. Ya tafi, kuma da hannuna na kore shi. Ba ni da abin da zan ba ku a madadinsa."

Hamsatu ta juya baya tana kuka, don a ganinta magana ta ƙare ke nan.

"Na sani," in ji tsohuwar a hankali. "Tun ranar farko na sani. Na bar ka ne ka wahala, don ni ma na wahala." Ta goge ido da gefen mayafi. "Amma kwanakin nan ina zaune a zaure na kasa kunne, sai na kama kaina. Ba Abatcha nake jira ba. Wani shashasha nake jira, mai zuwa da kukan da ba shi ba, in zage shi ya ce in ƙara kwatanta masa. Tun da mijina ya rasu ba wanda ya zauna ya ji labarinsa daga bakina sai kai."

Ta laluba ta dafa kansa.

"Ban ce ciwon ya tafi ba. Ba zai tafi ba. Amma ba zan rasa wancan in kuma rasa wannan ba. Ka ce wa manyanka su dawo da goronsu."

Bayan an kai gero rumbu aka ɗaura aure. Tahiru ya aiko da makulli, ya ce ciniki ya riƙe shi a Damagaram, ba wanda ya yi masa ƙorafi. Aka cire rufin aka jingine shi a bango, aka ɗora amarya a buɗaɗɗiyar mota, mata na guɗa. Kafin su tashi Ya Hawa ta sa aka kawo mata hannuwansu biyu, ta haɗa ta riƙe.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku masu jin ƙanku. Allah ya daɗe bai sa ɗayanku ya zauna a zaure yana jiran wanda ba zai zo ba."

Aka amsa da amin.

Ta jawo Zulkiflu kusa. "Rufin ka mai da shi shiru, na haƙura. Amma in za ku zo gaishe ni, ka ajiye motar a bakin layi, ka tako da ƙafa. Takunka nake so in koya tun ina da sauran kunne."

Hamsatu ce ta amsa a madadinsa daga cikin lulluɓi.

"Zai tako, Ya. Kullum zai tako."

Allah ya bar su tare, ya ji ƙan Abatcha, ya ƙara wa Ya Hawa haƙuri da tsawon rai.